Ajiyar da Na Kai Ɗakin Malam

Na yi dakon giya a birnin Alƙahira, kuma na kai ta na ajiye a ɗakin mutumin da ke jan sallar asham. Abin da ya faru ke nan. Ban sha ba, ban taɓa ɗanɗanawa ba, amma a kan wani abin ya ƙare, ba a kaina ba. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Wani maƙwabcina ne ke rubuta wannan. Na ce masa kada ya gyara min magana, kada kuma ya sa sunan kowa.

Ɗan dako ne ni tun tasowata. A kasuwar hatsi na girma, gammo a ka, buhu a baya. Daga baya wani Alhaji mai sayar da masara ya ɗauke ni ina kula masa da sito. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka yanke shawarar kai shi Masar, suka nemi wanda zai iya ɗaga shi, ya kai shi banɗaki, ya juya shi a gado. Ba wanda ya dace sai ni. Haka na hau jirgin sama karo na farko ina da shekara arba'in da 'yan kai. Alhaji bai tashi ba, a can aka binne shi. 'Ya'yan suka ce in shirya mu koma, na ce su yi gaba zan biyo su. Na san abin da ke jirana a gida: sito a rufe, mata da yara a ɗakin haya, ga baya ya fara gajiya. Na ga gari cike da kantuna, na ce mai ƙarfi ba zai rasa abin ɗauka a nan ba. Bizata ta ƙare ina nan. Tun daga lokacin na zama mutumin da ke sauya hanya in ya hango ɗan sanda.

Wanda ya tsince ni wani ɗalibi ne ɗan garinmu da ya yi nisa a karatun addini. Na girme shi sosai, na san mahaifinsa, don haka Kawu yake ce min, ni kuma Malam nake ce masa kamar kowa. Suna zaune a unguwar Hadayek el-Maadi, shi da wasu ɗalibai, a saman wani tsohon bene. A ƙasan benen akwai ƙaramin masallaci, Malam ne ke jan salla a ciki, kuma Misirawan unguwar na son ƙira'arsa. Saboda haka ne mai benen, wani dattijo, ya rage musu haya sosai, yana cewa albarka ce ta shigo masa gida. Wani attajiri a garinmu kuma shi ke ɗaukar nauyin karatun. Ke nan duk abin da Malam ke tsaye a kai sunansa ne. Ba shi da gona, ba shi da jari. In sunan ya ɓaci, ɗaki ya tafi, limanci ya tafi, tallafi ya tafi. Na san wannan tun farko, kada wani ya ce ban sani ba.

Ya ba ni katifa a falo. Abincinsu wake da gurasa ne, safe da yamma, kuma su kansu bai ishe su ba. In na miƙa hannu cikin faranti sai in ji hannun ya yi min nauyi. Malam ya lura, sai ya riƙa tsokanata, yana cewa Kawu ya ci da kyau, domin ranar da za su tashi daga gidan nan sun riga sun sami mai sauke musu littattafai kyauta. Ɗaliban su yi dariya, ni ma in yi. Amma babba kamata yana cin abincin yara, wannan ba ya bari a yi barci mai daɗi. Na nemi aiki a wuraren gini, na nemi na wankin mota. Ko'ina tambayar farko iƙama ce, wato takardar zama, ni kuma ba ni da ita.

A wani wurin shan shayi kusa da tashar jirgin ƙasa na haɗu da wani dillali mai sama wa mutane aiki. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka bar ƙasarmu a ƙafa don aikin Hajji suka tsaya a hanya. Hausarsa cakuɗe da Larabci, kowace magana sai ya ce ya zol, wato kai mutum. Ya ce akwai aiki a wani kantin kayan masarufi a Dokki, unguwar ofisoshin jakadanci da manyan mutane, ana neman mai kai wa mutane sayayyarsu har gida. Sai ya shiga tambayata. Ko ina karanta Larabci, na ce a'a. Ko Turanci, na ce a'a. Ko ina da iƙama, na ce a'a. Ko ina da abokai Misirawa, na ce ba ko ɗaya. Duk a'ar da na ce, sai in ga fuskarsa ta ƙara sakewa. A ƙarshe ya buga tebur ya ce tamam, wato daidai, ni ne mutumin da ake nema. Na koma gida ina juya abin. Duk inda na je a baya, waɗannan amsoshin ne ke korata. Yau su ne suka ba ni aiki. Abin bai kwanta min ba, amma na danne.

Na gaya wa Malam. Bai hana ni ba. Ya ce kawai in je in ga abin da suke sayarwa da idona kafin in amsa. Na je na gani: shinkafa, taliya, sukari, man girki, cuku, sabulu, ruwan kwalba. Mai kantin ƙaton mutum ne da tabon salla a goshi, rediyonsa kullum tana kan karatun Alƙur'ani. Ya rungume ni ya kira ni ya basha, wato ranka ya daɗe, ya ce mutanen Najeriya ahlul Ƙur'ani ne, yana son su saboda Allah. Na dawo na ce wa Malam kanti ne kamar kowane kanti. Ya yi min addu'a, ya ba ni kuɗin mota daga aljihunsa.

Ranar farko mai kantin ya ba ni wata baƙar leda a ɗaure, ya nuna min wani bene, ya ce in kai wa ɗan'uwansa. Na kai. Mutumin bai dubi fuskata ba, ƙullin ya duba. Ya ɗaga waya ya yi magana yana dariya. Da na dawo mai kantin ya dafa kafaɗata ya ce an gaya masa mutanen ƙasarmu ba sa buɗe saƙo, yau ya tabbatar. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A kasuwarmu ɗan dakon da ya buɗe kayan mutane ya gama aiki har abada. An ɗora maka, ka kai, ka sauke, ba ruwanka da abin da ke ciki. Da wannan aka san ni, da wannan Alhaji ya ba ni makullin sito. Ban gane ba a lokacin cewa ba gaskiyata mutumin ya gwada ba. Ya gwada ne ya ga ko zan iya ɗaukar abu ban duba ba.

Aikin kashi biyu ne, farar leda da baƙar leda. A Alƙahira mata ba sa saukowa daga bene don ƙaramin cefane. Kwando suke zurowa da igiya daga baranda, ka zuba kayan su ja sama, kowa na gani. Farar leda haka take tafiya, kuma akwai Misirawa biyu masu babur da ke kai ta tare da ni. Baƙar leda kuwa ba a taɓa sa ta a kwando. Mai kantin ya ja min kunne a kan wannan har da rantsuwa. Hannu da hannu ake ba da ita, a bakin ƙofa, in da matakalar baya ta nan za ka bi. Ba daga cikin kanti take fitowa ba, daga wani ɗaki a baya da shi kaɗai ke riƙe da makullinsa. Masu babur ba sa taɓa ta. Na taɓa miƙa wa ɗayansu ya riƙe min in ɗaura takalmi, ya ja da baya ya ɗaga hannuwa, ya ce ma'alish, in yi haƙuri, wannan rabon samara ne, wato baƙin mutum. Suka yi ta dariya shi da abokinsa. Tukuicin baƙar leda kuma ya ninka na fara nesa ba kusa ba. Mai karɓar shinkafa sai ya tsaya ya ƙirga canjinsa. Mai karɓar baƙar leda yana tura maka abin da hannunsa ya kama ya rufe ƙofa da sauri.

Kowane bene a can yana da mai gadi, bawab suke ce masa, zaune a bakin ƙofa yana ganin mai shiga da mai fita. In na zo da farar leda su amsa sallamata. In na zo da baƙa, wani ya kau da kai, wani ya miƙo hannu in ba shi wani abu, wani dattijo kuwa ya taɓa tofar da yawu a gefen ƙafata yana istigfari. Sau ɗaya na tambayi mai kantin abin da ke cikin baƙar ledar. Ya ce man zaitun ne mai tsada da ruwan tsami na Turawa, yana ɓoyewa ne saboda masu hassada. Ya ce ko ya basha ya fara zargin ɗan'uwansa Musulmi ne. Na ce a'a. Amma ni na shekara da shekaru ina ɗaukar kaya. Bayana ya san bambancin gero da dawa ba tare da an kwance buhu ba. Mai in yana cikin kwalba a hankali yake motsi. Wannan kuwa da sauri yake kaɗawa kamar ruwa, kuma kowace kwalba a naɗe take da jarida don kada ta yi ƙara. Ban sake tambaya ba. A lokacin na fara shiga gida da nama da 'ya'yan itace, na fara aika wa matata ɗan abin da ya samu. Na fara miƙa hannu cikin faranti ba tare da jin nauyi ba. Ban so wani abu ya taɓa wannan.

Akwai kuma wani abu da ya riƙa damuna. Mai kantin yana yawan tambayata inda nake kwana. Da na ce masa tare da ɗaliban addini, ɗayansu ma liman ne, sai ya ce Masha Allah har sau uku. Bayan kwana biyu ya sake tambaya, limamin nan mutanen unguwa na girmama shi? Na ce sosai. 'Yan sanda na zuwa benen? Na ce ban taɓa gani ba. Na ɗauka hira ce, ko dai na so in ɗauka hira ce.

Da azumi ya matso sai ya kira ni bayan kanti, ya zuba min shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce zai yi wa ɗakin baya fenti, yana da kwalayen man girki da ba shi da inda zai sa, yana so in ajiye masa a wurinmu har bayan salla, zai riƙa gaya min lokacin da zan kawo ɗaya. Ya ce ba ya amince wa kowa sai ni. Sai daga baya na fahimci yadda abin yake. A Masar akwai shagunan da aka ba izinin sayar da giya, namu ba ya cikinsu. In azumi ya shigo waɗancan sukan rufe, masu sha su koma neman ta bayan fage da tsada, hukuma kuma ta ƙara sa ido a kan kantuna irin nasa. Yana bukatar ɗakin da ba wanda zai yi tunanin bincikawa. Ya ce kada in kuskura in shiga jirgin ƙasa da kayan, sai tasi, shi zai biya. A ƙofar tashar jirgi akwai na'urar da ke duba cikin jaka. Na tambayi kaina me zai sa man girki ya ji tsoron na'ura. Na shanye shayin na ce to.

Kwalayen da hoton man girki a jikinsu, an liƙe su da salatif ta ko'ina. Na hau da su ɗaya bayan ɗaya, bawab ɗin benenmu da matarsa na kallo. Malam ya tambaye ni mene ne, na ce ajiyar maigidana ce, mai ne. A wurinmu in mutum ya ce ajiya ce an gama magana, ba a buɗewa, ba a tambaya. Falo ya yi kaɗan, ga ɗalibai na karatu a ciki, sai ya ce in shigar da su ɗakinsa. Da hannunsa ya kwashe littattafansa daga jikin bango ya yi musu wuri. Ya kawo wani zane ya lulluɓe su don kada ƙura ta ɓata kayan mutane. Ina tsaye ina kallonsa. Da na buɗe baki a lokacin da ba wanda ya san labarina yau. Ban buɗe ba.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne al'adar Misirawa a watan azumi. Masu hali suna shirya kwalayen abinci, mai da shinkafa da sukari, su kai wa limamai su raba wa talakawan unguwa. Matar bawab ta ga kwalayen mai sun hau ɗakin liman, ta zauna jiran nata. Azumi ya shiga, shiru. Sai ta riƙa ganina ina saukowa da kwali ina sa wa a tasi. Magana ta fara zagaya unguwa cewa an kawo wa shehi baƙar fata sadakar talakawa, shi kuma yana aika kawunsa yana sayarwa a Dokki. Mu ba mu sani ba. Malam dai ya ce min ya ga wasu na yi masa wani irin kallo bayan asham, yana tunanin ko karatun ne ya yi musu tsawo.

Wata Juma'a bayan la'asar, ina gida, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai benen ne, da dattijai biyu na masallaci, da bawab a bayansu. Tsohon ya yi magana cikin ladabi. Ya ce ya shehi, shi bai yarda da abin da ake faɗa ba, ya zo ne don ya rufe bakin mutane. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi murmushi. Ya ce ba sadaka ba ce, ajiyar wani ɗan kasuwa ce da kawunsa ke yi wa aiki. Bawab ya ce in haka ne a buɗe a gani, kwalin sadaka ai an san abin da ke ciki. Malam ya ce ba ya buɗe amanar da ba tasa ba. Ya nuna ni ya ce wannan mutumin ya san mahaifinsa, bai taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, maganarsa ta ishe shi. Daga nan ya juyo ya ce min da Hausa, a hankali, Kawu in mai ne a buɗe musu ɗaya su tafi, shi zai ba maigidana haƙuri. Ya tambaye ni, mai ne ko. Kowa na kallona. Ina da azumi a bakina. Na ce mai ne.

Har yau ban san abin da na yi tsammani ba. Wataƙila na yi fatan kwalin da ke sama ya zama mai da gaske. Bawab ya sa makulli ya tsaga salatif ɗin, ya zaro kwalba ɗaya, ya kwance jaridar. Ni ban iya karatu ba, amma ban bukaci karatu ba, fuskokinsu na karanta. Ɗaya dattijon ya ja baya yana a'uziyya, ya kama bakin rigarsa kamar zai taka najasa. Bawab ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, duk haka. Yana ɗaga kwalaben sama yana cewa ga sadakar shehi, ga abin buɗa bakin shehi. Mutanen sauran hawa suka cika matakala. Malam ya dubi kwalayen, ya dubi zanen da ya lulluɓe su da shi, ya dubi littattafansa da ke jibge a ƙasa. Ni bai dube ni ba.

Na yi magana da ɗan Larabcin da na tsinta a titi. Na buga ƙirji na ce ni ne, shi bai sani ba. Ba wanda ya saurare ni. A ɗakinsa aka samu, kusa da gadonsa, kuma da bakinsa ya hana a buɗe. Mai benen bai kira 'yan sanda ba, ba don mu ba, don kada a ce a gidansa aka kama. Ya ce halas, shi ke nan, daga yau wani zai ja salla, kuma bayan ƙaramar salla su bar masa gida. Bawab ya ce shi zai kwashe ƙazantar ya zubar. Na ga ya sauka da kwalayen a hankali, yana tallabe su kamar ƙwai. Ban ga inda ya zubar ba, ban ji wari a magudana ba. Ina da nawa zaton a kan inda suka tafi.

Washegari na je Dokki. Mai kantin ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Babu sauran ya basha. Ya ce wane kwali, ya samara? Shi mai da sukari yake sayarwa, ga rediyonsa, ga goshinsa. Ya ce in ma kayansa ne to ni na ɓatar, ɓarawo ne ni. Ya ɗaga waya ya ce in nuna masa iƙamata kafin ya kira waɗanda za su tambaye ni. Masu babur na gefe suna murmushi. Na fita. A nan na gane amfanin duk a'ar da na faɗa wa dillali. Wanda bai iya karatu ba ba zai ce ya ga sunan abin ba. Wanda ba shi da takarda ba zai kai ƙara ba. Wanda ba shi da aboki ba mai tsaya masa. Dillalin kuwa na same shi bayan 'yan kwanaki a wurin shayin nan, da wani sabon zuwa a gabansa, yana yi masa tambayoyin da ya yi min. Na ja kujera na zauna na gaya wa mutumin komai. Dillalin bai ji kunya ba. Ya yi dariya ya ce ya zol kada in yi masa wa'azi, mutumin da ya tsufa a dako zai ce bai san abin da ke bayansa ba? Na so in mare shi. Ban mare shi ba, don gaskiya ya faɗa.

Nan da nan labari ya isa garinmu ta waya. Ba a ce an yaudari wani ɗan dako ba, cewa aka yi an kama giya a ɗakin Malam wane cikin azumi. Attajirin ya tsayar da tallafin, ya ce sai ya bincika, har yau yana bincike. Na sa aka ɗauki muryata, na faɗi sunana da na ubana, na ce ni na kai, ni na ce mai ne. Aka tura garinmu. Wasu suka yarda. Wasu suka ce Malam ne ya saye ni in ɗauke masa laifi. Sauran ɗaliban suka daina cin abinci tare da ni, ban ga laifinsu ba. Malam bai zage ni ba, bai ɗaga min murya ba. Tambaya ɗaya ya yi min, yaushe na sani. Na ce ranar Juma'ar nan na gani. Ya ce bai tambaye ni yaushe na gani ba, yaushe na sani. Na ce tun makon farko. Ya gyaɗa kai ya tashi ya yi alwala.

Bayan salla suka tashi. Ni na sauke littattafan, tun daga sama har bakin titi, ban bar kowa ya taɓa ba. Da na ɗora na ƙarshe a mota, Malam ya ce ashe maganar da yake min da wasa ta tabbata, ya gode Kawu. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Yanzu yana can wani gefen gari mai nisa, a ɗaki ɗaya, yana koyar da yaran mutane karatu don ya biya haya. Karatun da ya kusa kammalawa ya tsaya masa. Ba ya jan salla a ko'ina. In na kira yana ɗauka, ya tambayi lafiyata da ta iyali. Kawu yake ce min har yanzu. Bai sake cewa in zo in ci abinci ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Rashin buɗe kayan mutane hali ne mai kyau, a cikin mutanen da suka san darajarsa. Akwai waɗanda suka san muna da wannan halin, kuma shi suke nema su hau. Ni kuma na ɓuya a bayansa, na ce ba a buɗe saƙo, alhali tsoron abin da zan gani ne ya hana ni. Ga 'yan'uwana da ke shigowa Masar ko wata ƙasa ba takarda, masu jinya da suka maƙale da masu neman na abinci: in an ce ga aikin kanti, ku duba abin da ya sa aka zaɓe ku. In mai ɗaukar aiki ya yi murna da ba ka iya karatu ba, ya yi murna da ba ka da takarda, ka tashi ka bar masa shayinsa. In akwai kayan da 'yan ƙasa ba sa taɓawa sai kai, ka tambayi dalili. In akwai ledar da ba a sa wa a kwando a gaban mutane, kada ka ɗauka. In kuma ka riga ka ɗauka, ya tsaya a kanka. Kada ka shigar da ajiyar da ba ka ga cikinta ba ɗakin wanda ya ba ka wurin kwana. Ku kuma ɗalibai masu saukar da baƙi saboda zumunci, ku ci gaba, amma duk abin da zai kwana a ɗakinku ku ce a buɗe, ko na kawunku ne. Kunyar minti ɗaya ce.

Ina nan a Alƙahira, har yanzu ba takarda. Ina kwana a wani ɗaki a saman rufin bene tare da wasu 'yan Sudan. Da safe ina zuwa kasuwar kayan miya ina dakon albasa da tumatir a buɗaɗɗen kwando. Abin da nake samu bai kai rabin na da ba. In aka miƙo min abu a ɗaure, cewa nake a kwance, in an ƙi in ajiye a ƙasa in wuce.